Shekarar da Na Kalli Majigi ta Bayan Ƙyalle

Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutane suna cewa ya isa haka, wai tsohuwa kamata ba ta kuka kamar amarya. Ni dai ban daina ba, kuma ba na ɓoyewa. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, saboda haka a yi mini haƙuri in zancen ya zo a hankali.

Labarin majigin wata shekara nake so in bayar, bayan an gama yaƙin basasa, kafin a canja kuɗi. Sau huɗu ya zo Ajingi a ranin nan, kuma har yau ina iya jero su bi da bi. A shekarar ce idon Malam, maigidan nawa, ya fara mutuwa. Yana ɓoye wa kowa, har da ni, domin a ganinsa ranar da aka sani, ranar zamansa cikin maza ya ƙare.

Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce ta gwamnati da take zagaya garuruwa da rani, lokacin da hanya ta bushe. Da la'asar za ta shigo gari da lasifika, ana shelar kowa ya hallara filin kasuwa bayan sallar lisha. A kafa itace biyu, a ɗaure farin ƙyalle a tsakaninsu, a tayar da inji. Haske ya fito daga motar ya faɗa kan ƙyallen, sai ga mutane suna kai da kawo kamar ka miƙa hannu ka taɓa su. Akwai kuma mai jawabi, wanda yake riƙe da lasifika yana bayyana abin da ake gani da Hausa.

Ni 'yar Gaya ce. Sau biyu na ga majigi ina yarinya, ina tallan gyaɗa mai gishiri. Duka biyun a gaba na zauna cikin yara, na dire farantin na manta da shi, na koma gida da gyaɗata yadda na fito da ita. Innata ta yi faɗa har ta gaji, ni kuwa ko a jikina.

Da aka yi mini aure, aka kawo ni wani ƙauye kusa da Ajingi, gonaki ne da 'yar fadama tsakaninmu da garin. Matar aure a lokacinmu ba ta fita sai biki, ko gaisuwar mutuwa, ko ganin gida. Majigi ba ya ciki. Ranar da iska ta fara kawo mini ƙarar lasifika daga Ajingi ina bakin murhu, ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Malam ya shigo ya tarar da ni.

Ya ce, "Me ya same ki?"

Na ce, "Hayaƙi ne."

"Hayaƙin wutar da ba ki hura ba? 'Yar Gaya, faɗi gaskiya."

Na sunkuyar da kai na ce majigi ne. Ya yi dariya har da dafa rumbu. Ya ce, "Ni na ɗauka innarki kike tunawa, ashe motar gwamnati ce. To share hawayenki, bari in je in ɗebo miki."

Ya kuwa ɗebo. Washegari bayan an sha kunu ya kifa turmi ya zauna a kai, ina ɓarar gyaɗa, ya zuba mini majigin tun daga tashin inji har zuwa kashe shi. Ba da baki kawai yake ba da labari ba. Tashi yake ya yi tafiyar kowa, ya yi muryar kowa, in Bature ne ya ɗaga hanci ya sa hannu a baya, in ɓarawo ne ya yi sanɗa ya zagaya rumbu. Ni kuma tambayoyina ba irin na maza ba ne. Ban damu da sunan gari ko na gwamna ba. Matar da aka nuna, wane irin zane ta ɗaura? Yaya ɗaurin ɗankwalinta? Tukunyarta ta ƙasa ce ko ta ƙarfe? Da farko sai ya ce, "Ni na sani? Mace dai." Daga baya ya koyi kallon abin da nake so, har ya zama in an nuna cikin ɗaki sai ya dubo mini yadda aka jera kwanuka.

Da haka ya yi suna. Akwai wata ceɗiya a tsakiyar ƙauyenmu inda maza suke zaman hantsi da rani. In ya gama ba ni, sai ya sa riga ya kai musu. Waɗanda ba su je ba suna jiransa, waɗanda suka je ma sun fi son ji daga bakinsa, suna cewa majigin Malam ya fi na gwamnati daɗi. Shekara tara muna haka.

Na farko a shekarar da nake faɗa, na tafiyar gyaɗa ne. An nuna buhuna an jibge su kamar dutse a Kano, aka loda su a jirgin ƙasa, jirgi ya yi ta gudu har bakin teku, aka juye su cikin jirgin ruwa. Tekun ne ya gagare shi faɗa da baki. Sai ya ce in cika masa ƙwarya da ruwa. Ya ɗora ɓawon gyaɗa a kai, ya riƙa girgiza ƙwaryar, ɓawon yana hawa yana gangarowa.

Ya ce, "Kin ga ɓawon nan? Ya fi ƙauyen nan girma. Ruwan kuwa ba shi da gaɓa."

Na ce, "To gyaɗarmu tana ciki?"

"Har buhuna na gane. Shi ne wanda ya fi kowanne ƙiba."

Wannan shi ne majigi na ƙarshe da ya gani sosai da idonsa, shi ya sa nake son sa. Ranar ce kuma ya dawo yana tura keke, gwiwarsa a kurje. Ya ce jaki ne ya gifta masa. Bayan kwana kaɗan ya yi karo da rumbu da magariba. Ya ce dundumi ne, wato rashin gani in duhu ya yi, zai wuce. Duk ranar kasuwa aka riƙa sayo hanta ina gasa masa, domin ita aka sani maganin dundumi. Ya ci hanta har ta gundure shi, ya ce ya ji sauƙi. Na yarda, domin ina son in yarda.

Na biyu na wani mai taurin kai ne da ya ƙi tace ruwan kududdufi, kurkunu ya kwantar da shi damina guda, ciyawa ta cinye masa gona. Na yi dariya, amma na lura Malam bai tashi daga kan turmi ba. Maganar mai jawabi ya maimaita mini, babu tafiyar kowa.

Na ukun shi ne ya fi shiga raina. Na shanun huɗa ne, yadda ake ɗaura musu garma. Da ya gama zancen shanu na ce, "Babu mace a ciki?"

Ya gyara zama a kan turmi. Sannan ya ce, "Akwai. Matar mai gonar ta kawo masa fura."

Ya shiga kwatanta ta. Doguwa, ba fara ba, ta ɗaura saƙi mai ratsi, ɗankwalinta ya karkata gefe guda. Ta ɗauko ƙwaryar a kafaɗa, tana tafiya a hankali cikin kunya, in ta taka ƙasa mai zafi sai ta ɗan ɗage ƙafa. Da mijin ya tsokane ta, ta yi murmushi, sai ga wushirya. Ban taɓa jin ya kwatanta wata mata da kyau haka ba. Kwana biyu ina tunaninta, ina daka ina cewa ko a wane gari take, ko tana da 'ya'ya.

A rana ta uku Gwaggo ta shigo aron turmi. Ƙanwar mahaifin Malam ce, tsohuwa mai baki, ƙosai take soyawa a kasuwa, in majigi ya zo ma takan kafa kaskonta a can.

Na ce, "Gwaggo, kin ga matar nan mai wushirya da ta kai fura gona?"

"Wace mata?"

"Ta majigi."

"Ke, majigin ran nan ko kaza mace ban gani ba. Shanu biyu ne, da garma, da wani dogo mai malafa, sai malamin gona da gajeren wandonsa."

Na ce ai Malam ne ya faɗa, na maimaita mata kwatancen. Ta tsaya tana kallona tun daga ɗankwali har ƙafa.

Ta ce, "Buɗe bakinki in gani." Na buɗe. Ta tafa hannu. "Ja'irin yaro! Ke ya ba ki labarin kanki, kika zauna kina lashe baki."

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmin da ta zo aro. Can sai dariyar ta tsaya. Ta rage murya ta ce, "'Yar nan, idon yaron nan lafiya kuwa?"

Daga ranar na fara lura da shi da rana tsaka. In zai ɗauki buta sai ya tura ƙafa ya taɓa ta tukuna. In an yi masa magana daga gefe sai ya juyo da kansa gaba ɗaya yana neman mai maganar. Na bar kujera 'yar tsuguno a hanya ba da niyya ba, ya yi tuntuɓe da ita, rana tana tsakar ka. Na shiga ɗaki na cusa zane a baki na yi kuka.

Ban iya faɗa masa ba. Mace ba ta duban mijinta ta ce ka makance. Kuma na san abin da yake tsoro. Makafin da muka sani a lokacin su ne masu zuwa Ajingi ranar kasuwa a jere, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, suna bara. Malam manomi ne ɗan manomi, ya sha faɗa mini gara a binne shi da ya miƙa hannu. Sai ya fara janyewa. Ya daina zuwa gindin ceɗiya, wai surutu ya yi yawa. Ya daina zuwa kasuwa. Masallaci kaɗai yake zuwa, domin katangarmu ce take kai shi har ƙofa. Sauran yini yana zaure shi kaɗai, abinci ma sai ya taɓa ya bari. Da aka ji majigi zai sake zuwa, ya ce shi ya girmi wasan yara.

Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya koma kamar baƙo a gidansa. Na ga in aka bar shi haka, kafin idon ya gama mutuwa shi zai riga shi. Na aika aka kira mini Gwaggo, muka ƙulla abin da muka ƙulla a bayan ɗaki.

Ranar majigin da la'asar ta same shi a zaure, ina jin su ta bayan zana.

Ta ce, "Bayana ya ƙage. Aron matarka na zo, ta taya ni suya yau."

"Haba Gwaggo! Matar aure a filin majigi?"

"A bayan ƙyalle nake zama, inda tsofaffi suke. Wa zai gan ta, in ba kuturun kare ba? In ka hana ni ita, sai ka ɗaura zane ka zo ka soya da kanka."

"Gwaggo, mutane za su yi magana."

"Su zo su yi da ni. Ni na goye ka, har yau bayana bai manta nauyin kanka ba. Kuma kai za ka raka mu, ba za mu ratsa fadama mu biyu mata ba."

Ba a musu da gwaggo. Ya ce to.

Bayan magariba muka fito. Al'ada ita ce namiji a gaba, mace a baya, kuma na ga ya tsaya a ƙofar gida ya rasa yadda zai yi. Gwaggo ba ta ba shi lokaci ba. Ta ce, "Kaya a gaba, mai gadi a baya. In kura ta biyo mu ta fara da kai." Ta wuce da fitila. Na bi ta da kwanon ƙullu a ka, kasko a hannu. Na riga na ɗaura ludayin ƙarfe a kunnen kaskon da zare, yadda duk takun da na yi sai ya buga. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, tun daga ƙofar gida har Ajingi. Inda akwai kwari na rage tafiya, inda hanya ta karkata na ƙara girgiza hannu. Ina jin takunsa a bayana, bai kauce ko sau ɗaya ba. Bai ce in gyara ludayin ba, ni ma ban ce komai ba.

Muna isa ɗan Gwaggo ya tare mu. Taubashin Malam ne, sa'ansa, tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya.

Ya ce, "A'a, bawana ya fito daga kulle! Wa ya biya maka kuɗin fitar?" Ya kama hannunsa wai gaisuwa, bai sake shi ba, ya ja shi zuwa wajen maza yana ta zuba masa tsiya. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Mu kuma muka zagaya bayan ƙyalle. Tsofaffi huɗu ne ko biyar a wurin, masu ƙosai da masu dafaffen rogo. Na hura wuta, na ɗora kasko. Aka tayar da inji. Da haske ya faɗo, sai na ga ashe ƙyallen ba ya ɓoye komai, ta baya ma ana gani tar. Shekara tara ban sa shi a ido ba. Na durƙushe a wurin da ludayi a hannu.

Wannan na huɗun na tsabtar gida ne. Wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu uku, a wani gida mai rufin kwano. An nuna matar tana share tsakar gida, tana rufe abinci saboda ƙuda, tana yi wa jariri wanka. Na kalli komai kamar mai jin ƙishirwa. Ɗinkin rigarta, 'yan kunnenta, tukunyar ƙarfe mai murfi, labulen ƙofa mai hoton ganye. Ina kallo ina ajiyewa a raina, domin na san wa nake tara wa. Kaskon farko ya ƙone ƙurmus, Gwaggo ta dungure ni ta karɓi ludayin.

Sai aka kawo tuwo. Suka wanke hannu da sabulu, suka zauna. Maigidan ya sa hannu cikin kwano, na ga hagu ce. Na ce ko mai ciwon hannu ne. Matar ta sa hagu. Yaran duka hagu. Baƙo ya yi sallama, aka gaisa da hagu. Har malamin da aka nuna yana rubuta allo, da hagu yake riƙe da alƙalami.

Na ce, "Gwaggo, kin ga abin da nake gani? Da hagu suke ci!"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Haka suke, dukkansu. Shekara nawa ina kallonsu. Mutanen majigi ba su da tarbiyya."

Da na iya karatu, wataƙila da na gane tun daga rubutun da ake nunawa da farko. To ban iya ba, Gwaggo ma ba ta iya ba.

Washegari bayan an sha kunu na kifa masa turmi da kaina. Na yi kamar hira kawai nake, irin ta wadda ta ga abin mamaki. Na ce, "Malam, ka ga labulen nan mai ganye?" Ya ce ya gani. "Ka ga yadda ta juya jaririn a kan cinyarta, ya yi mata fitsari?" Ya yi murmushi ya ce ya gani. Na yi ta zubawa, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa haka ne. Na san bai gani ba, kaya nake haɗa masa. Ina kallon fuskarsa tana washewa. Na ajiye babban a ƙarshe.

"Amma Malam, mutanen nan Musulmi ne kuwa? Kowa da hagu yake cin tuwo, har malaminsu."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ni ma abin ya ɗaure mini kai."

Ya tashi ya ce in miƙo masa rigarsa. Ya bi katanga ya fita, ya nufi gindin ceɗiya, wurin da ya yi wata guda bai taka ba. Na ɗaga hannu na gode wa Allah. Ban san na haɗa masa kayan da guba a ciki ba.

Abin da ya faru a can, shi da kansa ya ba ni labari daga baya, taubashin ma ya ba ni nasa. Maza suka yi murna da ganinsa, aka matsa masa wuri. Ya fara, bakinsa ya buɗe kamar da, ya yi jariri, ya yi uwar, ana ta dariya. Sai ya zo kan tuwo. Ya ce abin takaici, gwamnati ta tara mutane tana koya musu wanke hannu, amma ta kawo waɗanda ba su san dama da hagu ba.

Wani dattijo ya ce, "Malam, ai da dama suka ci."

Ya ce, "Da hagu."

Wani ya ce shi ma dama ya gani. Wani ma haka. Malam ya ɗaga murya ya ce, "Da idona na gani, ku ce mini dama?"

Akwai tela a cikinsu, shi ne ya fara ganewa. Ya ce, "Jama'a, ku juya riga ku dube ta ta ciki, ai aljihun hagu dama yake komawa. Wanda ya ga hagu, ta bayan ƙyalle ya kalla."

Babu wanda bai san wadda ta zauna bayan ƙyalle jiya ba. Babu kuma wanda bai ga Malam a sahun gaba ba, fuskarsa tana kallon ƙyallen. Ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Ya so ya tashi, ya tuna bai san ta inda zai bi ba tare da ya taka wani ba. Sai ya zauna. Can ya ce, "Ban gani ba. Haske kawai nake gani. Idona ya tafi."

Taubashin ne ya karɓe. Ya ce, "To wa ka ɗauka bai sani ba? Kai da ka yi wa jakina sallama a bakin masallaci, har kana tambayarsa mutan gida? Ya kawo mini ƙara, ya ce ka fi ni ladabi."

Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye. Dattijon ya ce, "Mun daɗe da sani. Ba mu da ikon faɗa maka, jira muke ka faɗa da bakinka." Aka yi masa addu'a. Kafin a tashi an yanke cewa in ruwa ya sauka, gonarsa za a fara yi wa gayya.

Ni duk ban san wannan ba. Gwaggo ce ta faɗo gidan da gudu irin na tsofaffi, ta ce, "Mun yi ɓarna. Ashe mu ne marasa tarbiyyar, ba mutanen majigi ba." Ta gaya mini zancen juya riga, iyakar abin da ta jiyo ke nan. Na ce shi ke nan, na tona masa asiri da hannuna, ba zai ƙara fita ba, ba zai ƙara kallon inda nake ba.

Da azahar na ji muryarsu a zaure. Taubashin ya kawo shi ya juya. Ya shigo tsakar gida ya tsaya. Na durƙusa.

Ya ce, "'Yar Gaya, ina kike?"

"Ga ni, Malam. Ka yafe mini."

"Kin aike ni kasuwa da tuwon hagu."

"Wallahi haka na gani."

"Na sani. Ku biyu, ke da Gwaggo, a haɗa ku a kai ku makarantar allo." Ya fara dariya. Ya lalubo turmi ya zauna, dariyar ta yi ta tafiya har ta juye ta zama kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na matso na riƙe ƙafarsa, muka yi tare.

Da ya lafa ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun matar nan mai kai fura."

Ya ce, "Ludayin ma da gangan ne?"

Na ce da gangan ne. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Wannan addu'ar ita nake ci har yau.

An kai shi asibiti a Kano kafin damina, suka duba suka ce ba irin wanda ake gyarawa ba ne. Cikin shekara biyu hasken ma ya ɗauke. Amma gayyar da aka ce an yi ta, an kuma sake yi har yaranmu suka isa riƙe fartanya. Ya koyi tufkar igiya da saƙar tabarma, igiyarsa har daga Kademi ake zuwa nema. Bai taɓa miƙa hannu ba har ya koma ga Allah. Ni kuwa na zama 'yar suyar Gwaggo duk ranar majigi, babu wanda ya ce uffan, har ta rasu, har motar ta daina zuwa. Na koyi juya abin da na gani kafin in ba shi. Gwaggo, da ɗanta, da tela, da dattijon nan, duk sun riga ni tafiya. Ba ni da abin saka musu sai addu'a, ita kuwa ba na fashi.

Washegarin ranar tonon asirin, da sassafe taubashin ya yi sallama. Ya yanko sandar gora, ya kankare ta, ya ƙona gindinta a wuta don kada ta tsage. Ina tsoron Malam zai ƙi karɓa, domin sanda ita ce shelar makanta, wanda ya riƙe ta ya gama ɓoyo. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya auna ta da tsayinsa.

Ya ce, "Ta yi gajarta. Da kanka ka auna, ko?"

"Karɓi, mara godiya. Zo in ja ka."

"Ja jakinka. Wuce gaba, zan zo da ƙafata."

Taubashin ya tafi. Malam ya sa rigarsa, ya gyara hula, ya fita. Bai dafa katanga ba, tsakiyar hanya ya bi. Na tsaya a bayan zana ina leƙe ta wata 'yar kafa. Ya yi karo da turken akuyar maƙwabta, ya tsaya, ya buga shi da sandar sau biyu kamar mai yi masa kashedi, ya kewaye. Ƙafata ta so ta bi shi, na riƙe ta. Ina jin bugun sandar yana nisa, yana nisa, har na ji ya ɗaga murya ya yi sallama tun kafin ya isa, maza suka amsa masa gaba ɗaya.